FILIN MANOMA: Wayar Hannu Ta Shiga Cikin Kayan Noma, Amma Ba Ta Kai Ga Kowa Ba

Jama'a manoma, in an ce wa ɗayanmu ya lissafa kayan aikinsa, ba wuya zai ce fartanya da garma da gatari da lauje da magirbi, mai hali kuwa ya ƙara da shanun huɗa da amalanke. To, a wannan mako muna so mu yi magana a kan wani kayan aiki wanda ba maƙeri ya ƙera shi ba, ba ya kuwa taɓa ƙasa, amma ga shi yau yana bambanta manomi da manomi kamar yadda garmar shanu ta bambanta su a zamanin kakanninmu. Wannan kuwa ita ce wayar hannu.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, abubuwan da a da a ke kawo wa manomi ta bakin mai unguwa, ko malamin gona, ko mai shela ran kasuwa, yanzu sannu a hankali ana ta mai da su cikin waya. Labarin farashi yana cikinta, labarin ruwa yana cikinta, rajistar taki da bashin banki suna cikinta, har kuɗin da za a biya ka in ka sayar da hatsinka. Wanda ke da ita, ya kuma iya aiki da ita, yana jin labari tun da sauran lokaci. Wanda ba shi da ita kuwa, sai an gama rabo an watse sa'an nan ya ji. Abin tsoron shi ne, wanda a ke bari a baya galibi shi ne wanda da ma ya fi kowa bukata, watau mutumin ƙauyen da ke nesa da titi, da tsoho, da mace, da wanda bai yi boko ba.

YADDA TA SHIGO

Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, su ma kusan duk a manyan birane su ke, a ofisoshi da gidajen masu hali. Cikin wannan shekara ce kamfanonin wayar hannu suka fara aiki, layi ɗaya kuwa a lokacin ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Daga baya kamfanoni suka yi yawa, suka shiga gasa, abin ya yi sauƙi, har ya zama a 2025 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Wanda ya ji wannan adadi sai ya ce ai magana ta ƙare, kowa ya samu. Ba haka ba ne. Ɗan kasuwa ɗaya a birni ya kan riƙe layi uku ko huɗu, alhali akwai gidan da mutum ashirin ke ciki ba su da ko ɗaya. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024, cikin mutanen biranen Afirka kashi 57 bisa 100 ke aiki da intanet, a karkara kuwa kashi 23 kaɗai. Ka ga ke nan inda a ke noman abincin, can ne labarin ya fi ƙaranci.

AMFANINTA GA MANOMI

Amfani na farko shi ne sanin farashi. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar ta duba yadda farashi ya kasance daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar hannu ke shiga kasuwa bayan kasuwa. Ta tarar da cewa inda waya ta shiga, bambancin farashin hatsi tsakanin wannan kasuwa da waccan ya ragu da kashi 10 zuwa 16 bisa 100, abin ya fi ƙarfi kuwa a kasuwannin da ke nesa, masu munin hanya. Dalili a fili ya ke. A da sai ɗan kasuwa ya hau mota ya tafi ya gano da idonsa, yanzu kuwa yana zaune a rumfarsa zai tambayi kasuwa biyar kafin hantsi.

Amma ga inda ya kamata mu buɗe kunne. Da aka sake bincike a can Nijar ɗin, a kan kuɗin da a ke biyan manomi shi kansa, ba a ga ya ƙaru ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama in dillali ya san farashin kasuwa biyar, manomi kuwa bai san na ko ɗaya ba, to, ribar wayar a aljihun dillali za ta tsaya.

Bari mu yi misali. Mu ce ga Tanko ga Jatau, ƙauyensu ɗaya, kowa ya sami buhu 20 na masara. Dillali ya zo ya taya buhu naira 38,000, ya rantse kasuwa ta faɗi. Jatau ba shi da wanda zai tambaya, ga bikin 'yarsa ya matso, sai ya sallama. Tanko kuwa ya kira ƙaninsa da ke dako a kasuwar gari, ya ce masa jiya an sayar 45,000. Ya lissafa kuɗin mota da na lodi naira 2,000 kowane buhu, ya ga in ya kai da kansa zai tashi da 43,000. Bambancinsa da Jatau naira 5,000 a buhu, a buhu 20 kuwa naira 100,000 ke nan. Ko bai kai kasuwar ba ma, dillali ba zai iya yi masa tayin wulakanci ba, tun da ya ga ya san abin da a ke ciki. Gumi ɗaya suka yi, ruwa ɗaya ya zuba musu, kira ɗaya tak ya raba su.

Na biyu shi ne labarin ruwa. Kowane manomi ya san baƙin cikin ruwan yaudara, a yi marka ɗaya a fita shuka, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, shuka ta ƙone, a koma neman iri. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, ta kan fitar da hasashenta a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da a ke zaton damina za ta kankama a kowane yanki, da tsawonta, da inda a ke tsoron fari a tsakiyarta. Ruwa dai na Allah ne, hasashe kuwa ba ya zama tabbas, amma wanda ya ji an ce daminar bana gajera ce zai nemi iri mai saurin nuna tun da wuri. Wannan labari a birni a ke karanta shi, a cikin waya ya ke yawo, mai fartanya kuwa sau da yawa bai san an yi ba.

Na uku shi ne ciwon shuka da ƙwari. Masu noman rani ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan ta tumatir ta cinye lambuna a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, kuma cikin shekarar ce aka fara ganin baƙuwar tsutsar masara a ƙasar nan. Irin wannan annoba kwana biyu ma jinkiri ne. Malaman gona kuwa sun yi kaɗan ƙwarai, mutum ɗaya ga dubban manoma, ba shi yiwuwa ya taka kowace gona. Mai babbar waya zai ɗauki hoton ganyen ya tura wa malamin gona, a gaya masa maganin da zai saya da yawan da zai zuba. Wanda ba shi da ita sai ya tafi wurin mai sayar da magani, wanda shi bukatarsa ya sayar.

ABIN DA RABON TAKI YA KOYA MANA

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne taimakon gwamnati. A 2012, lokacin Dokta Akinwumi Adesina yana Ministan Aikin Gona, aka fito da wani tsari na rabon taki ta waya. Hujjar da aka kafa ita ce, a tsohon tsari takin da gwamnati ke sa wa rangwame 'yan kwangila da masu hanya ke kwashewa, manoma kamar kashi 11 bisa 100 kaɗai ke samu. A sabon tsari sai a rubuta sunan manomi da lambar wayarsa, in lokaci ya yi a turo masa saƙo, ya tafi wurin dillalin da aka amince da shi, ya biya rabin kuɗi ya ɗauki buhu biyu, a haɗa masa da iri.

Lalle dabarar tana da kyau, manoma da yawa kuwa sun ga takin gwamnati da idonsu karo na farko. Cikin 'yan shekaru an rubuta manoma fiye da miliyan 10. Amma a shekarar farko waɗanda suka karɓa ba su kai rabin waɗanda aka rubuta ba. Akwai dalilai da dama, kamar makarar takin da nisan wurin karɓa da rashin kuɗin cikawa, amma na waya suna cikin manya. Wani ba shi da waya, ya ba da lambar maƙwabci, maƙwabci ya tafi cin rani da ita. Wani saƙon ya shigo da Turanci, ya ɗauka tallar kamfani ce ya goge. Wani ya yi sammako ya je wurin karɓa, aka wuni ana jiran sabis bai zo ba, ya koma gida hannu rabbana. Har ta kai wajen 2014 aka gwada wata hanya a Jihar Sakkwato da yankin Abuja, aka ba manoma kati wanda a ke karawa a jikin na'ura, ba sai da sabis ba. Bayan 2015 tsarin ya yi sanyi.

Darasin shi ne, in an sa ƙofar rumbu a inda sai dogo ke iya kaiwa, gajere zai kwana da yunwa ko da an ce hatsin nasa ne. Wannan kuwa ba tarihi ba ne kawai, domin shirye-shiryen taimakon manoma da suka biyo baya, galibinsu sai da lambar waya, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da ajiyar banki.

Sau biyu kuma cikin 'yan shekarun nan muka ga yadda rayuwarmu ta rataya a kan wayar. A watan Satumba na 2021 an rufe sabis a Zamfara da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, wani wurin makonni, wani wurin watanni. Mutane suka riƙa tafiya mai nisa don su yi kira ɗaya. Sa'an nan a farkon 2023, da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, sai ga farashi biyu a kasuwa ɗaya, na mai biya hannu da hannu da na mai turawa ta waya. Manomin da ba shi da ajiyar banki dole ya karyar da kayansa ga duk wanda ya nuna masa takardar kuɗi.

KATANGU BIYAR

To, me ya tare hanya? In mun duba da kyau, katangu biyar ne.

Ta farko rashin sabis. Kamfani ɗan kasuwa ne, ba ya kafa ƙarfen sabis sai inda ya ga zai mai da kuɗinsa. Ƙarfe ɗaya yana bukatar inji da man gas da mai gadi da hanyar da mota za ta bi, ƙauye mai gida hamsin kuwa ba zai biya wannan ba, balle inda babu zaman lafiya. Shi ya sa har yanzu akwai garuruwan da kowa ya san surin da a ke hawa, ko itacen da a ke tsayawa a gindinsa, in ana so a yi kira.

Amma kada mu ɗora laifin duka a nan. Ƙungiyar kamfanonin wayar hannu ta duniya, GSMA, ta ce a rahotonta na 2024, a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kamar kashi 13 bisa 100 ne ke zaune inda sabis ɗin intanet bai kai ba, amma kamar kashi 60 sabis ɗin yana bisa kansu, ba su dai aiki da shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Sauran katangu huɗun su ne suka jawo haka.

Ta biyu rashin wuta. Bankin Duniya ya faɗa a 2021 cewa 'yan Nijeriya kamar miliyan 85 ba su da wutar lantarki. Waya kuwa ba caji gawa ce. A ƙauyuka da yawa sai an kai ta wurin mai caji an biya, wani ma sai ran kasuwa, watau ta yi kwana uku a raye kwana huɗu a mace. Saƙon taki ba ya jiran ran kasuwa.

Ta uku tsada. Ƙaramar waya mai madanni tana da sauƙi, tana riƙe caji, amma ba ta ɗaukar hoton kirki, ba ta buɗe yawancin abubuwan da a ke shirya wa manoma. Babbar kuwa kuɗinta ya kan kai na buhunan hatsi, ga kuɗin data kowane wata, wanda a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta yarda wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 bisa 100. Magidancin da ke auna taki da mudu ba zai fara da sayen data ba, ba kuwa za a ga laifinsa ba.

Ta huɗu karatu da harshe. Yawancin abin da ke cikin waya rubutu ne, yawancin rubutun kuwa Turanci. Akwai dattawa da yawa da suka iya ajami sarai, suna rubuta bashi da wasiƙa da shi, amma wayar ta mai da su kamar ba su taɓa zuwa makaranta ba. Tsoron kuskure ma babbar katanga ce, mutum yana gudun ya danna wani wuri kuɗinsa su tafi.

Ta biyar ita ce ta mata. Binciken GSMA ɗin nan ya nuna a wannan yanki namu mata masu aiki da intanet a waya sun gaza maza da wajen kashi 30 bisa 100. Mu kuwa mun sani, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa da gumin shinkafa da kiwon awaki da kaji, akasari a hannun mata su ke. Matar da ke cikin gida ba ta ganin kasuwa, abin da yaro ko dillaliya suka faɗa mata shi ne farashi. Ita ce ma ta fi maigidan bukatar hanyar tambaya.

ABIN DA ZA MU YI DA HANNUNMU

Ba za mu zauna jiran ƙarfen sabis ba. Akwai abin da kowane ƙauye zai iya tun daga wannan kaka.

Da fari, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba tilas ba ne kowane manomi ya mallaki babbar waya, abin da ke tilas shi ne kowane manomi ya kasance yana da hanyar kaiwa gare ta. Ƙungiyar gama kai mai mutum 25, in kowa ya ba da tiya biyu ko uku da kaka, za a sami abin sayen waya ɗaya mai kyau da ɗan faifan sola na caji. A danƙa ta ga yaro ɗaya mai amana wanda ya yi makaranta, a yanka masa ɗan ladansa. Aikinsa shi ne ya tambayo farashi daga Dawanau da kasuwannin kusa kowane mako ya faɗa bayan sallar Juma'a, ya karanta wa mutane saƙonninsu, ya ɗauki hoton shukar da ta kamu ya tura wa malamin gona. A sayi littafi a rubuta kuɗin data da na caji, don kada zargi ya shiga ya kashe ƙungiyar.

Na biyu, kowane magidanci ya yi ƙoƙari ya mallaki layi nasa na kansa, da sunansa, ko da a ƙaramar waya ce. Tun ƙarshen 2020 doka ta ce sai an haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, in ba haka ba a rufe shi. Kada ka yi rajistar taki ko ta bashi da lambar wani. Kada ka bar layin ya yi watanni ba a taɓa shi ba, gama kamfani ya kan karɓe ya sayar wa wani, saƙonka ya riƙa zuwa hannun baƙo.

Na uku, a farfaɗo da ajin manya. Cikin shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, magidanta da furfurarsu sun zauna a gindin itace sun koyi karatu, ba su ji kunya ba. Yanzu ma abin da a ke bukata ke nan, sai dai a haɗa allo da waya. An gwada wannan a jihohin Doso da Damagaram na Nijar daga 2009, a ƙauyuka fiye da 100. An koya wa manya karatu da lissafi da Hausa da Zabarmanci, a waɗansu azuzuwan kuma aka ƙara da koyon ƙaramar waya, mutum biyar waya ɗaya. Waɗanda aka haɗa musu da waya sun fi sauran cin jarrabawa. Dalili kuwa, wanda ya koyi baƙi yana aika saƙo da shi kullum ba ya mantawa. Malamin firamare ko ɗan sakandaren da ke hutu zai iya koya wa manya lambobi, da ajiye suna, da buɗe saƙo, cikin 'yan makonni na rani.

Na huɗu, wanda bai iya rubutu ba ya yi aiki da murya. A WhatsApp danna wuri ɗaya ne ka yi magana da bakinka, a ba ka amsa da baki. Kada kuma a raina rediyo. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 ita ce malamar gona da ta fi kowa shiga ƙauye, yawancin ƙananan wayoyi kuwa suna da rediyo a ciki. In ana shirin noma a taru a saurara, a bugo da wayar ƙungiya a yi tambaya ɗaya wadda za ta amfani kowa.

Na biyar, muna roƙon magidanta su duba maganar iyali da idon basira. Mun san abin da waɗansu ke gudu, ba kuwa mu ce babu ɓarna a cikin waya ba. Amma ƙaramar waya ta kira, wadda uwargida za ta tambayi farashin gyaɗa da ita, ta kira mai allurar dabbobi in akuya ta kwanta, ta nemi taimako in naƙuda ta zo maigida yana gona, amfaninta gidan duka zai shiga. Ƙungiyoyin adashin mata ma suna iya sayen tasu.

A YI HATTARA

Kowace kasuwa da ɓarayinta. Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki ya ke, ko daga ofishin taki, ya nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka yanzu-yanzu, to, ɓarawo ne, kashe wayar. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a sa sunanka cikin masu samun tallafi, je ka tambayi malamin gona ko ofishin gona na ƙaramar hukuma tukuna. In an ce an turo maka kuɗin hatsi, kada ka yarda da abin da mai saye ya nuna maka a tasa wayar, kada buhu ya hau mota sai ka ga kuɗin a taka ajiyar. Haka kuma ba duk mai magana a Facebook ko TikTok ne malamin gona ba. Musamman maganar haɗa magungunan feshi, ko zuba maganin ƙwari cikin wake da hatsin ajiya, kada a ɗauka daga bakin wanda ba a san shi ba, domin wannan kuskure rai ya ke ci.

ABIN DA KE WUYAN HUKUMA

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙauye. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu musamman don kai sabis wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 90,000. Abin da manoma za su tambayi wakilansu shi ne, wane ƙauye ne a mazaɓarmu zai amfana, kuma yaushe? Hakimai da dagatai su rubuta sunayen garuruwansu da ba su da sabis, su miƙa a rubuce, su yi ta bibiya. Jihohi ma da nasu, domin kuɗin da su ke karɓa a kan kowace mita ta igiyar da aka binne yana hana kamfanoni nisa. Jihar Kaduna ta yafe nata a 2020, sauran da ba su yi ba su duba.

Ga ma'aikatun gona da cibiyoyin bincike irin na Samaru kuwa, roƙonmu uku ne. Duk saƙon da za a aika wa manomi a aika shi da harshensa, da murya in da hali. Duk abin da za a shirya, a shirya shi yadda zai yi aiki a ƙaramar waya. Kuma duk rabon da za a yi ta waya, a bar wata ƙofa ta takarda ko ta kati a buɗe ga wanda ba shi da ita, kada rashin waya ya zama rashin taki. A da motar majigi ce ke bin ƙauyuka da dare tana nuna wa mutane yadda a ke zuba taki da yadda a ke tsinke auduga, ba a ce wa mutanen ƙauye su zo birni su gani ba. Wannan hikima ba ta tsufa ba.

Waya dai ba ta huɗa, ba ta cire ciyawa, ba ta kuwa hana wanda bashi ya kama sayar da hatsinsa da arha ran da ya sussuka. Amma rashin sani ya fi dare duhu, manomin da ke noma cikin duhu kuwa wani ya ke yi wa aiki. Saboda haka shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana a taronsu na gaba, tun hatsi yana hannu, kafin kuɗin kaka su watse.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayani a kan yadda a ke ajiye wake ba tare da magani ba. Allah ya ba mu albarkar abin da muka noma, amin.